Renon okid ɗin dajin gajimare a Jos

Shekaruna sun yi nisa a sana'ar sayar da furanni a Jos kafin na shiga renon ƙananan okid, wato wani rukunin tsirrai masu fure, na dangin Lepanthes da Masdevallia, waɗanda asalinsu tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, musamman a Ikwado da Kolombiya, inda gajimare yake sauka cikin daji kusan kullum ya jiƙa rassan itatuwa. A jikin rassan suke maƙalewa, ba sa buƙatar ƙasa ko kaɗan. Furen wasu daga cikinsu bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ya sa nake ajiye gilashin ƙara girma a kan tebur, domin sai mai saye ya leƙa ta cikinsa kafin ya yarda cewa fure ne.

Tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200, saboda haka sanyin dare yana taimaka mana. Matsalarmu ita ce bushewar iskar hunturu. Waɗannan tsirrai ba su da kumburarren tushen da manyan okid suke tara ruwa a ciki, idan saiwarsu ta bushe na kwana ɗaya ko biyu, ganyen yakan yamushe kuma da wuya ya farfaɗo. Ina ɗaure kowanne a jikin guntun ɓawon itace tare da ɗan gansakuka, in rataye shi cikin akwatin gilashi inda danshi ba ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, zafin rana kuma ba ya wuce digiri 24 a ma'aunin Salshiyas. Ƙaramar fanka tana juyawa a ciki dare da rana, domin danshi ba tare da motsin iska ba ruɓa yake kawowa.

Darasin fankar nan da tsada na saye shi. Wata shekara a watan Maris aka ɗauke wuta kwana uku ina kan tafiya, yaron shago kuma ya ci gaba da fesa ruwa safe da yamma kamar yadda na umarce shi. Da na dawo na buɗe akwatin, wari ne ya fara tarbata, saiwoyin sun yi baƙi, ganyen yana zubewa da zarar an taɓa shi. Ban ga laifin yaron ba. Tun daga lokacin fankar a kan sola da batir take.

Ruwan rijiyar burtsatse ma na daina ba su, saboda gishirin da ke cikinsa yana ƙona bakin saiwa. Ruwan sama nake tarawa a damina, taki kuwa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba ya isa. Da dare nakan haska tocila in tsince ƙananan dodon koɗi, waɗanda guda ɗaya kan iya cinye toho kafin asuba.

Shigo da iri daga waje yana buƙatar takardar izini ta yarjejeniyar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji masu fuskantar barazanar ɓacewa, da kuma shaidar lafiyar tsiro, don haka na fi dogara ga raba tushen da ya yi yawa, ina barin aƙalla ganye biyar a kowane kashi. Masu saye daga Abuja ko Kano sukan ji haushi idan na tambaye su ko suna da akwatin gilashi da na'urar sanyaya ɗaki kafin mu yi maganar kuɗi. Wanda ba shi da su, nakan nuna masa okid ɗin Phalaenopsis da ke jure ɗumin falo, ko da ribarsa a wurina ba ta kai ta ƙananan ba.