Ganyen ƙamshi a tsakar gidan Sakkwato: abin da aikin lambun reno ya koya mini

Bayan na kammala karatun aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aikin farko da na samu a wani lambun renon tsirrai ne na bakin titi, irin wanda ake jera dashen mangwaro da gwaiba da furanni cikin baƙar leda. Masu gina sabon gida su ne manyan masu sayenmu. Amma akwai wasu da ke zuwa jefi-jefi, galibi matan aure da ma'aikata, suna neman abin da za su dasa a tsakar gida su riƙa tsinka suna sa wa miya ko shayi. Buƙatarsu ɗaya ce, abin da ba ya son wahala. Kusan kowacce kuma da jerin sunaye a wayarta, rozmari da tayim da fasili, ganyayen ƙamshi na girkin Turawa.

Mai lambun, dattijo ne da ya taso cikin noman rani a fadamar Kwalkwalawa, ba ya duban jerin. Tambayarsa kullum ɗaya ce: "Hajiya, ina za ki aje ta?" Idan aka ce tsakar gida, sai ya sake tambaya ko wurin yana shan hantsi ne ko ranar la'asar, ko akwai awaki, ko ruwan gidan na famfo ne ko na 'yan garuwa. Sai ya gama jin wannan yake miƙa wa mutum leda. Wani lokaci ya hana mai saye abin da ya zo nema, ko da kuɗin na hannu.

Jerin nan na waya ba ƙarya ba ne, na wata ƙasa ne. Rozmari da tayim asalinsu ƙasashen bakin Bahar Rum, inda ruwa ke sauka lokacin sanyi, lokacin zafi kuma ya zo a bushe. Mu ruwanmu da ɗumi tare suke zuwa. Ruwan shekara a Sakkwato bai cika haura milimita 700 ba, amma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake zubowa. Sai ka ga rozmari ta jure bazara da ƙyar, Agusta na zuwa saiwarta ta ruɓe cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Haka shawarar nan ta cewa a ba tsiro rana ta awa shida. Wanda ya rubuta ta rana ce ke yi masa ƙaranci. A nan, cikin Afrilu, ma'aunin zafi yana haura digiri 40, kuma katangar siminti da ke fuskantar yamma tana ci gaba da fitar da zafi har bayan isha'i. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Don haka abin da na fi sayarwa da kwanciyar rai shi ne na'a-na'a, duk da cewa ita ce ma ba ta buƙatar a saye ta wurinmu. Ƙullin da aka sayo kasuwa don shayi ya isa. A zaɓi kara mai ƙwari, a zage ganyen ƙasa, a tsoma cikin kofin ruwa, cikin mako guda ko biyu saiwa ta fito. Tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa faffaɗan mazubi ya fi mata mai zurfi. Tsohon baho da aka huda wa gindi ya wadatar. Sharaɗinta inuwa da danshi. A gindin katangar da ke samun hantsi, ko ƙarƙashin dogon yaro inda hasken ke ratsowa, za ta shekara. Idan bazara ta tsananta takan yi kamar ta mutu, ganye ya ƙanƙance, kara ya yi baƙi. Da yawa a nan suke juye bahon. Kuskure ne, domin ranta yana cikin saiwa. A aske ta har ƙasa, a ci gaba da ba ta ruwa, da yayyafin farko za ta tofo.

Mazubi kuwa, a makaranta ba mu ɓata lokaci a kansa ba, a lambu na gane ya fi taki muhimmanci. Baƙar ledar da muke reno a ciki ta zaman wucin gadi ce cikin inuwa. Aka bar ta a rana, ƙasar ciki ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, saiwa ta dahu alhali ganye na nan kore, sai bayan kwana biyu a ga tsiro ya langaɓe a ce ƙishi ne, a ƙara masa ruwa, a ƙarasa shi. Tukunyar ƙasa tana sanyaya abin da ke cikinta kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, ta hanyar tsattsafo da iska ke busarwa. Kuɗin wannan sanyi shi ne saurin bushewa, don haka babba ta fi ƙarama. Wanda ba shi da tukunya, farin buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa ya fi bokitin roba.

Ƙasarmu yashi ce, ruwa ba ya zama. Ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, kashi ɗaya cikin uku, shi ke riƙe danshi. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Ɓuntun shinkafa ko busasshen ganye a sama yana rage yawan ban ruwa sosai, sai dai a riƙa ɗagawa ana duba gara. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk suna yi, na wanki mai omo ne ba ya yi. Gidan da ke sayen jarka wurin 'yan garuwa ya san amfanin wannan bayani fiye da mai rijiyar burtsatse.

Ɗoɗɗoya ba ta da wannan shagwaɓa ta na'a-na'a. Tana son ɗumi, tana jure rana, kuma idan aka bar reshe ɗaya ya yi fure ya bushe, da kanta za ta zubar da iri ta fito baɗi. Sauran rassan dai a riƙa tsinke kansu, in ba haka ba ta zuba ƙarfinta ga fure, ganye ya ragu. Ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami ma haka take, gindi ɗaya aka ɓantaro daga maƙwabta ya zama dami cikin damina guda. Zogale ba na lissafa shi cikin kayan ƙamshi, amma ban taɓa barin mai tsakar gida ta tafi ban yi mata tayinsa ba. A sare kansa idan ya kai ƙirji, ya yi rassa inda hannu ke kaiwa.

Akwai kuma waɗanda lokaci ne maganinsu. Manoman Wurno da Goronyo ba da bazara suke shuka tafarnuwa ba, da shigowar hunturu suke yi, wajen Nuwamba, su cire bayan kamar wata huɗu. Tukunyar tsakar gida ba ta fi ƙarfin wannan ƙa'ida ba. Albasar da ta tsira a kwandon kicin, a binne ta lokacin sanyi, a yi ta yankar lawashi. Fasili ma, ga mai son sa dole, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne rabonsa. Zafi na shigowa ya gama aikinsa, kuma ba laifin mai ban ruwa ba ne.

Abin da ya fi kashe mana dashe bayan an kai gida ba rana ba ce, ba ƙwari ba ne, akuya ce, sai kaji masu tone ƙasa da ƙadangaru masu cin sabon tofo. Tsohon teburi yana raba tukunya da kaji. Yagaggen gidan sauro da aka kifa a kan 'yan sanduna yana tsare ƙadangare, ya kuma rage kaifin rana. Akuya kam sai ƙofa mai sakata, ko a ɗora tukwanen inda ko ta miƙe da ƙafa biyu ba ta kaiwa.