Da katin inshora a aljihuna na cire yarona daga magani a sati na shida

Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa a gaban mutane, amma a hunturun 2021 sai da na ƙwala masa kira har maƙwabta suka fito. A soro na same shi kwance yana jijjiga, kumfa a baki. Mu duk mun ɗauka farfaɗiya ce. Likita ne ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na san yaron yana shan tiramol, domin idan ƙwayar ta yi yawa a jiki haka take kayar da mutum. Shekararsa 17 a lokacin.

Kwana uku muka yi a asibitin da muke da rajista a nan Jos. Na miƙa katin NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, ban biya komai ba sai kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, kamar kullum. Wannan sauƙin ne ya rufe min ido. Ni ma'aikacin tarayya ne, katin nan ya ɗauki haihuwa, ya ɗauki zazzaɓin yara, ya ɗauki tiyatar uwargida. Da likita ya ce yaron yana buƙatar wata uku a cibiyar da ake kwantar da masu shaye-shaye, a tsaye na yi lissafina: zan biya na wata ɗaya daga aljihu, kafin ya ƙare lambar izini ta fito daga kamfanin HMO, wato wanda ke biyan asibiti a madadin inshorar, su ɗauki sauran, wataƙila ma su mayar min da nawa. Ban tambayi kowa ba. Ko waya ɗaya ban buga ba kafin na sa hannu a cibiya mai zaman kanta, wadda kuɗin watanta ɗaya ya haura albashina.

Sai a sati na uku na je ofishin kamfanin. Wata yarinya mai ladabi ta buɗe littafin ƙa'idojin da ake aiki da shi a lokacin, ta ɗora yatsa a kan jerin abubuwan da inshorar ba ta biya ko kaɗan. Ga shi nan tsakanin raunin wasannin kasada da ziyarar likita a gida: shaye-shaye da kamuwa da ƙwaya. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ko da ma ciwon yana ciki, kwanciyar asibiti kwana 21 ne a shekara gaba ɗaya, kai kuma kana maganar kwana 90." Ta ƙara duba takardunsa, ta ce ranar da ya cika 18 ma zai fita daga katin, don tsarin na ma'aikaci ne da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Saura masa wata biyar.

Ba wanda ya ɓoye min komai. A rubuce yake, ni ne ban taɓa karantawa ba tun da aka ba ni katin. Amma har gobe abin yana min ciwo. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya zame musu cuta. A shekarar ce gwamnati ta hana shigo da ruwan kodin da haɗa shi. Ciwo mai wannan yawa, inshora ta ɗauki suman da ya jawo, ta bar shi kansa ciwon a wuyan iyaye.

Na kwashe adashen uwargida na ƙara sati biyu. Daga nan hannu ya bushe. Yayata ta zo daga Bukuru ta ce, "Kai ma da neman wahala, ga gidan mari ana kai yara da kuɗi kaɗan." Na tuna mata Rigasa a Kaduna, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 a Satumban 2019, wasu da mari a ƙafa. Ta yi shiru. Sai dai abin da na yi a madadinsa bai fi shawararta hankali ba: na je na ce a sallame shi, ai ya yi ƙiba, idonsa ya washe, yana sallah a kan lokaci. Mai ba su shawara ta roƙe ni. Ta ce fitar da ƙwaya daga jiki aikin kwanaki ne, koya wa mutum zama ba tare da ita ba shi ne aikin, kuma yanzu aka fara. Ta gargaɗe ni cewa wanda ya kwana biyu bai sha ba, jikinsa ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da, idan ya koma da tsohon awo zai iya rasa ransa. Na ji kunyar in ce mata kuɗi ne babu. Na ce kakarsa ce ke son ganinsa.

Kwana 19 ya yi a gida. Abokan nan dai na bakin layi suna nan inda ya bar su. Dare ɗaya aka kawo min shi a Keke Napep, bai san wanda ke kansa ba.

Karo na biyu ban ɗaga ƙafa ba sai da kuɗin wata uku cif suka taru, har da na mota da na zuwa ganin likita bayan sallama. Na sayar da fegina, na ci bashi a ƙungiyar ma'aikata. Na kai shi sashen masu shaye-shaye na wani asibitin gwamnati, inda muka jira gado amma kuɗin bai kama ƙafar na farko ba. Da can na fara, abin da na zuba a sati shida da ya kusa isa duka maganin. Wannan lissafin nake yi duk daren da barci ya ƙi zuwa.

A Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, NHIS ta koma NHIA, inshorar lafiya ta zama tilas. Ma'aikatan jihar Filato kuma suna ƙarƙashin PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar. Duk wanda ya zo min da maganar ɗansa, ko wane kati ke hannunsa, abu ɗaya nake fara ce masa: ka je ofishin kafin ka biya ko sisi, a nuna maka jerin abin da ba a biya da adadin kwanakin kwanciya, ka ɗauki hotonsa a waya. Kada ka kai yaro da kuɗin wata ɗaya kana jiran sauran daga wani wuri.

Yaron yanzu yana koyon gyaran waya a kasuwar Tamunus, yana zuwa ganin likita duk wata, daga aljihuna. Rannan ya ga takardar albashina a kan tebur, ya tambaye ni, "Baba, wannan da ake cirewa na mene ne?" Na ce masa bashin fegi ne.