Gashin tukunya da romon albasa, sana'ar da na gada a wurin Baba

Duk wanda ya taɓa bi ta layinmu da asubar Asabar ba sai an nuna masa gidanmu ba, ƙamshin albasa da nama ne zai kawo shi har bakin ƙofa. Tukwanen lantarki shida ne jere a kan kanta, tun ƙarfe 10 na daren Juma'a suke aiki shiru, ba tafasa, ba hayaƙi, sai ɗan gumi da ke tsattsafowa a cikin murfin gilashi. Ni da yara mata biyu masu taya ni muke riƙe da wurin a nan Jos. Muna yi wa masu walima da suna da ofisoshi girki iri-iri, amma abin da aka san mu da shi guda ɗaya ne: dunƙulen naman sa da ya kwana a tukunya har cokali ke yanka shi, da romon albasa mai kauri a kansa.

Girkin asalinsa na Turawa ne. Amurkawa na yinsa ranar Lahadi da karas da dankali, Faransawa na da nasu da suke zuba wa giya, shi kuma romon albasar mutanen Ingila ne suka fi riƙe shi, suna kwarara shi a kan dankalin da aka murƙushe. Hanyar da ya biyo ya shigo gidanmu ita ce kicin ɗin wani Bature mai aikin haƙar kuza a Rayfield, inda mahaifina ya yi shekaru yana kuku. Baba gashin tukunya yake ce masa, kuma sunan da na bari ke nan a kan allon shagona.

Shi Baba bai taɓa ganin tukunyar lantarki ba sai da ya tsufa. Tasa baƙar tukunyar ƙarfe ce mai nauyi, wadda sai da hannu biyu ake ɗaga murfinta. Zai zuba garwashi kaɗan a ƙasa, ya ɗora wasu a kan murfin, ya ja kujera 'yar tsuguno ya zauna da carbinsa. Ina 'yar shekara 12 ya fara barina in tsaya kusa. Ranar farko ƙamshi ya ishe ni, na kai hannu da tsumma zan buɗe in leƙa. Bai daka min tsawa ba, wuyan hannuna kawai ya riƙe ya ce, "Uwata, me kika ajiye a ciki da za ki duba? Duk buɗewa ɗaya, kin kori zafin da muka yi rabin awa muna tarawa." Har yau idan na ga ɗaya daga cikin yaran nan ta nufi murfi, maganar da ke fitowa daga bakina ke nan.

Shi ne kuma ya warware matsalar giya. Matar Baturen ta so a riƙa zubawa kamar yadda ake yi a garinsu, Baba ya ce shi hannunsa ba zai taɓa kwalbar ba, amma a ba shi dama ya gwada wani abu. Ya jiƙa tsamiya ya tace, ya zuba cokali biyu. Abin da giyar ke yi a girkin ɗan tsami ne da ke yanke maiƙo, tsamiya kuwa ta fi ta iya wannan aikin. Sai daga baya na karanta jikin kwalbar nan ta baƙin miyar Worcestershire da Turawa ke diga wa nama, na ga ashe su ma akwai tsamiya a cikin haɗinta. Baba bai yi boko ba, harshensa ne ya kai shi.

Aikin daga wurin mahauci yake farawa, kuma nan ne ciwon kaina yake. Wannan girki ba ya son naman da kowa ke rububi. Tsokar cinya mai sumul, wadda ba kitse ba jijiya, idan ta yi awa 8 a tukunya sai ta fito kamar igiyar rama, a bushe, tana shiga haƙori. Abin da nake nema shi ne kafaɗa da gindin wuya, wani lokaci ƙirji, wato wuraren da sa ya yi aiki da su tsawon rayuwarsa, masu farin zare-zare na jijiya a tsakanin tsoka. Wannan jijiyar da mata ke tsinewa idan suna gaggawar miya, ita ce dukiyar. Idan ta daɗe a zafin da bai kai tafasa ba, narkewa take ta zama danƙo, irin wanda ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya kwana. Shi ke jiƙa naman daga ciki, shi ke ba romo jiki. Shanunmu kuma, Bunaji ne ko Bokolo, masu tafiyar ƙasa ne, namansu ya fi na shanun Turai tauri da ƙarancin kitse, amma ya fi ɗanɗano nesa ba kusa ba. Don haka nakan ƙara musu awa ɗaya a kan abin da littattafan girki ke faɗa, kuma nakan nemi ɗan yankin tozo in ɗora a sama ya riƙa narkewa yana sauka.

To, ka je ka yi wa mahauci wannan bayanin. Na yi shekara uku ina hulɗa da wani, kullum da gargaɗi: "Malam, kafaɗa, dunƙule guda, kilo 2, kada a sassara min." Ranar da na karɓi aikin walimar mutum 80 na aika yaro ya karɓo, sai ga leda cike da cinya an yayyanka ta ƙanana kamar za a yi miyar taushe, har da guntayen ƙashi a ƙasa don sikeli ya cika. Na kira shi, wai "Hajiya, ai nama nama ne, wannan ma ya fi tsada." Na san ya fi tsada, amma ba shi na ce ba. Daren nan sai da na zaga wurin mahauta uku kafin na haɗa abin da nake so, wancan naman kuma na yi dambu da shi. Tun daga ranar da ƙafata nake zuwa kwata, a gabana ake fitar da kafaɗar, in danna da yatsa in ga ta dawo, in duba kitsen fari ne ko ya yi rawaya.

Idan nama ya iso gida, ba na wanke shi in jefa a tukunya yana ɗiga. Nakan goge shi da tsumma mai tsabta ya bushe ƙarau, in shafe shi da gishiri da masoro, in ɗaure da zare ya zama dunƙule ɗaya don kada ya watse. Sai kasko mai kauri, wuta sosai, da ɗan kitsen naman kansa. A ɗora a bar shi, kada a juya, kada a tsokana, har sai ya saki kaskon da kansa, gefen ya yi ja mai duhu kamar bayan gurasa. Kowane gefe minti huɗu zuwa biyar, har da kai da gindi. Wannan ɓawon shi ne rabin ɗanɗanon girkin, kuma tukunyar lantarki ba ta iya yinsa, domin ita zafinta na tururi ne. Wanda ya tsallake wannan mataki zai samu dafaffen nama mai launin toka, ba gashin tukunya ba.

Sai albasa, wadda a kanta na fi ɓata lokaci da kowa. Ga kilo 2 na nama, manyan albasa shida nake yankawa, sirara, a tsaye daga kai zuwa saiwa don kada su narke su ɓace. Jar albasa busasshiya nake so, irin ta Aliero ko ta Galmi idan ta shigo kasuwar Farin Gada, wadda ɓawonta ke ƙara a hannu. Ɗanyar albasar sabon cira ruwa ne cikinta, za ki yi ta soyawa tana dahuwa. A kaskon da aka gasa naman ake zuba ta, ba a wankewa, domin baƙin da ya manne a gindin nan ba ƙonewa ba ce, zaƙin nama ne. A rage wuta, a sa man shanu cokali biyu da ɗan gishiri, a riƙa juyawa jefi-jefi. Minti goma na farko za ta yi laushi ta yi fari. Wajen minti ashirin ta fara rawaya, kuma a nan mafi yawan mutane ke saukewa. Ni sai ta cika minti arba'in, ta koma ruwan zuma, kasko cike ya dawo 'yar tafin hannu, ƙamshinta ya tashi daga yaji ya koma zaƙi. Wata mai koyon aiki ta taɓa ce min, "Anti, in aka barbaɗa sukari ai minti biyar ta yi ja." Za ta yi ja, amma jan alewa ne, kuma harshe na ganewa.

Daga nan aiki ya koma hannun tukunya. Rabin albasar a ƙasa da tafarnuwa da tayim da ƙwayar kanumfari biyu, nama a kai, karas da dankalin Bokkos manya-manya a gefe, ruwan ƙashi kofi ɗaya da rabi, da ruwan tsamiyar Baba. Ruwan kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsayin naman, saboda wannan tukunya ba ta ƙone ruwa, tururin da ya hau murfi komawa yake, naman da albasar ma za su saki nasu. A sa a ƙaramin zafi, awa 8 zuwa 9.

Ita tukunyar tana da tarihinta da ya burge ni. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya ƙirƙiro ta, ya samu rajistar mallakarta a 1940. Mahaifiyarsa Bayahudiya ce daga Lituweniya, ta ba shi labarin yadda a garinsu ake kai tukunyar wake da nama tandar mai burodi da yammacin Juma'a, ta kwana cikin sauran zafin, saboda ba su hura wuta ranar Asabar. Kamfanin Rival ya sayi fasahar, ya fitar da ita da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke fita aiki da yawa suna son su dawo su tarar da abinci ya nuna. Da na ji labarin sai na tuna garwashin Baba, ashe dabarar ɗaya ce, wayar wuta kawai aka ƙara mata.

Wutar ce ta taɓa yi min tsiya sau ɗaya. Aka ɗauke ta cikin dare muna barci, da asuba na tarar da tukwane huɗu sun yi ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi. Nama ya yi awanni a irin wannan yanayi, ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama ko da hanci bai ji komai ba. Na zubar da shi duka, na kira mai aikin na ba ta haƙuri na mayar mata da kuɗinta. Watan da ya biyo baya na haɗa sola da batir, da yake tukwanen ba su da cin wuta, ba su kai dutsen guga ba. Saboda tsoron ƙwayoyin cutar nan ne kuma ba na sa daskararren nama kai tsaye daga firiza.

Da asuba ake ƙarasa romo. A ɗago naman a hankali da faffaɗan cokali biyu, a rufe shi ya huta minti ashirin. A tace ruwan, a kwashe man da ya taso. A kasko a soya fulawa cokali biyu da man shanu har ta yi ƙamshin gyaɗa, a riƙa zuba ruwan naman kaɗan-kaɗan ana burgawa don kada ya yi gudaji, sannan a juye sauran rabin albasar da aka ajiye tun daren jiya. Gwajin Baba nake yi har yanzu: a tsoma cokali, a ja yatsa a bayansa, idan layin ya tsaya bai haɗe ba, romo ya yi. Naman kuma a gicciye ake yanka shi, ba bin tsawon zarensa ba, kauri kamar yatsa.

Yanzu masu kwaikwayo sun yi yawa a gari, har sunan suke ɗauka. Minti arba'in a tukunyar firesha, a jefa kanwa nama ya yi laushin dole, a dama fulawa da dunƙulen magi biyar da kalar miya, a ce romon albasa. Akwai ma waɗanda ake gargaɗi a kansu masu jefa ƙwayar maganin ciwon kai don nama ya yi saurin nuna, Allah ya kiyaye. Sai mai saye ya zo min da farashinsu yana cewa, "Haba Hajiya, can rabin wannan ne." Ba na jayayya. Nakan gaya masa cewa kilo 2 da na saya, bayan ya kwana a tukunya kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, sannan in yanko masa ɗan yanki in ɗiga romo in miƙa masa a kan faranti. Wani Alhaji da ya fi kowa ciniki ya ci ya yi shiru, ya sa burodi ya share farantin tas, ya ce a ajiye masa dunƙule biyu duk Juma'a, ɗaya nasa ɗaya na mahaifiyarsa da haƙoranta suka zube, wadda ta yi shekaru rabonta da tsokar nama.

Mai son namu sai ya faɗa tun kwana ɗaya kafin ranar, kafin azahar, don in samu zuwa kwata da kaina. Muna haɗawa da dankali ko farar shinkafa, wasu kuma da gurasa ko sinasir suke so, romon na karɓar kowanne. Baƙar tukunyar Baba tana nan a saman kanta, duk Babbar Sallah nakan sauko da ita in hura garwashi in yi na gida a ciki.