Talata: awa 1000 a akwatin gishiri

Da hantsi muka shiga kasuwar Dei-Dei ni da mai waldanmu, neman fentin da za a shafa wa ƙyaure da ƙarafan tagogi na wani gida da muke aiki a Gwarimpa. Mai shago ya zaro takarda, ya ce, "Injiniya, wannan ya yi awa 1000 a gwajin feshin gishiri bai yi tsatsa ba. Shekara goma ba ruwanka."

Awa 1000 ɗin ban musa masa ba. Shekara goman ce ta tsaya mini a rai har yanzu.

Gwajin nan tsoho ne, tun 1939 aka fitar da ƙa'idarsa a Amurka, ASTM B117. A jingina ƙarfe cikin rufaffen akwati, a yi ta hura masa hazon ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100, zafi digiri 35, dare da rana ba ya bushewa. To ina Abuja ta ga wannan? Mu nan ruwa ya zuba da dare, rana ta gasa ƙarfen da azahar, hunturu ya zo da ƙura. Akwatin babu rana a cikinsa, alhali ita ce take fasa fenti.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfen da aka tsoma a tutiya. A waje, jiƙewa da bushewa ne ke sa tutiya ta yi wani siririn ɓawo mai kare ta. A akwati ba ta samun damar yin ɓawon, sai farar tsatsa ta rufe ta da wuri, a ce ta faɗi gwajin, alhali a filin Allah tana daɗewa ƙwarai. Amfanin gwajin na ga masana'anta: su gane ko fentin wannan watan ya yi daidai da na wancan.

Mun sayi ƙananan gwangwani iri biyu. Da la'asar na tsaya kan yara suka goge guntayen ƙarfe da burushin waya har bakin walda, inda tsatsa ke fara ci, muka shafa, na karce kowanne da wuƙa har ƙarfe ya bayyana. Guntayen suna kan rufin shago. Na gaya wa Alhaji mai gidan ya ba mu zuwa ƙarshen damina kafin a sayi manyan bokitai, ya ce zai yi shawara.