Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Masu Gadin Fitila

A makon jiya na tsaya ne a daidai hunturuna na farko a Aberdeen ta ƙasar Sikotilan, lokacin da sanyi da kewar gida suka taru suka hana ni sakat. Wata Asabar na gaji da zaman ɗaki, na hau bas na yi arewa zuwa Fraserburgh, garin masunta ne da ke bakin teku. A nan na fara shiga hasumiyar fitila, irin wadda ke haska wa jiragen ruwa hanya da dare.

Sunanta Kinnaird Head. Tsohuwar fadar wasu sarakai ce aka ɗora wa fitila a ka, aka fara kunna ta ranar 1 ga Disamba, 1787, da man kifin nan whale. Mai gadinta na farko, James Park, tsohon direban jirgin ruwa ne, ladansa sule ɗaya a kowane dare. Wani dattijo ne ya zaga da mu, ya ce shi ma ya yi aikin kafin a sallame su.

Muka hau matakala mai murɗiya har ƙafafuna suka yi tsami. A can sama ga wani ƙaton gilashi, ya fi tsayin mutum, injin da ke juya shi kuwa kamar na agogon bango yake, sai an riƙa wana shi da hannu har gari ya waye. Dattijon ya ba ni marikin ya ce in gwada. Ƙarfen ya yi sanyi ƙalau, ya kuma yi sumul saboda yawan tafin hannun da ya sha. Ya ce awa huɗu-huɗu suke karɓar juna, da safe kuma a goge gilashi, a cika kananzir, a saki labule kada rana ta bi ta gilashin ta tada gobara. Laifi guda ne ba a yafewa: barci a bakin aiki. Duk wanda aka kama, kora ce.

Da ya faɗi haka sai gabana ya faɗi, domin Baba nake gani. Shekara da shekaru yana gadi a wani sito a Legas, da tocilarsa da butar shayi da goro a aljihu. Ya taɓa gaya mana cewa idan barci ya ci ƙarfinsa, a tsaye yake jan carbi, don in ya zauna shi ke nan. Ni kuwa a sakandare, da aka ba mu takarda mu rubuta sana'ar uba, ɗan kasuwa na rubuta. Allah Ya yafe mini.

Dattijon ya ba mu labarin hasumiyar fitilar tsibiran Flannan, can yammacin Sikotilan. A Disambar 1900 masu gadi uku suka ɓace a can: James Ducat da Thomas Marshall da Donald McArthur. Ranar 26 ga wata jirgin Hesperus ya isa da mai gadin da zai karɓi aiki, ba a tarar da kowa ba. Bincike ya karkata ga cewa igiyar ruwa ce ta kwashe su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an tarar da fitilar a goge, an cika ta da mai, tana jiran dare. Sun gama aikinsu tukuna. A 1998 aka sallami masu gadi na ƙarshe a Sikotilan, a tsibirin Fair Isle, na'ura ta gaje su.

Da na sauko na laɓe a jikin bango saboda iska, na kira gida.

"Baba, barka da yamma. Wai shekara nawa ka yi a gadin nan?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Lafiya dai ko? Ai ba ka taɓa tambayata ba."

Na ce lafiya lau, so nake in ji. Ya ce to in bari ya yi sallar Magariba, in sake kira. Hirar da muka yi a daren nan ta cinye mini katin waya biyu, ita zan kawo muku mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.