Minti Biyu da Rabi a Kan Tebur

A gasar FIRST LEGO League ta yara masu ƙera mutum-mutumi da kayan LEGO, wadda aka fara a 1998, minti biyu da rabi kacal ake ba mutum-mutumi ya nuna abin da ya iya. Yara su ajiye shi a kusurwar tebur, su danna maɓalli, daga nan sai ido. Shi zai tuƙa kansa ya je ya ture wannan, ya ɗauko wancan, ya dawo gida. In ya maƙale a tsakiyar fili yaro ya sa hannu ya ɗauko shi, alƙali zai cire ɗaya daga cikin alamomi shida da ake ajiye wa kowace ƙungiya, maki kuma na iya raguwa. Ni da nake horar da su kuwa ba ni da hurumin taɓa komai.

Da muka fara, burin yaran shi ne su ƙera abin da zai burge mutane: hannaye masu naɗewa, ƙugiya ta nan, cebur ta can. Sun ƙera kuwa, da kayan haɗa mutum-mutumi na LEGO da ake kira SPIKE Prime, kuma ya yi kyau. Matsalar ita ce yau ya yi aikin daidai, gobe ya kauce da faɗin yatsa biyu ya wuce abin da aka aike shi. Sai ka ji ana cewa, "Malam, wallahi jiya ya yi!" Na yarda ya yi. Amma jiya ba ta shiga takardar maki.

A nan ainihin karatun ya fara. Da farko sun rubuta masa umarni da lokaci, wato ya yi gaba na daƙiƙa kaza. Suka lura in batir ya yi sanyi, tafiyar takan gaza. Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗauko ma'auni ta auna tayar: faɗinta santimita 5.6, don haka juyi ɗaya yana cin kusan santimita 17.6. In ana son ya yi tafiyar santimita 88, juyi biyar ke nan, ko batir ya cika ko ya rage. Lissafin da'ira da suke gudu a aji, ga shi sun nemo shi da kansu don suna da buƙatarsa. Na daɗe ban ji daɗin da na ji a ranar ba.

Saura karkata. Injinan nan biyu masu juya tayoyin ba sa taɓa zama daidai wa daida, ga ƙura a taya, ga shimfiɗar da kan ɗan tattare. A cikin ƙwaƙwalwar mutum-mutumin akwai na'urar da ke auna juyawarsa, wadda yaran ke kira jairo. Suka koya masa ya riƙa duba ta yana tafiya: in ya karkata dama da digiri biyu, tayar dama ta ƙara gudu kaɗan, in karkatar ta yi yawa, gyaran ma ya yi yawa. Da suka cika gyaran, sai ya riƙa tangaɗi kamar ɗan koyon keke. Suka yi ta ragewa har ya miƙe sak. Suka kuma gano dabarar da ba ta buƙatar lissafi: ya ja da baya ya jingina da bangon tebur, bango ya daidaita shi, sannan ya ci gaba. Na'urar gane launi ma ta ba mu wahala, domin hasken ɗakin gasa daban yake da na ɗakin atisaye, dole a sake gwada ta a kan baƙi da fari kafin a hau tebur.

Daga ƙarshe yaran da kansu suka cire rabin ƙugiyoyin nan, suka bar ayyukan da yake yi ba kuskure. An yi gardama sosai, har da mai hawaye, don wanda ya ƙera abu ba ya son a cire. Ban raba musu ba. Na ce a gwada kowane aiki a jere, a rubuta sau nawa ya yi, sau nawa ya faɗi, littafin ya yanke hukunci.

Wannan littafi shi ya cece su a gaban alƙalai. Mutane da yawa ba su san cewa wasan tebur kashi ɗaya ne kawai na gasar ba. Ana zaunar da yara a tambaye su yadda suka ƙera abin, da binciken da suka yi kan wata matsala ta zahiri, da yadda suke aiki tare. Yaron da babba ya rubuta wa umarni, tambaya ɗaya ke tona shi. Na ga ƙungiyar da mutum-mutuminta ya fi na kowa tsari, amma aka tambayi yaran dalilin wani gini suka yi tsuru-tsuru, kuma na tausaya musu ƙwarai, domin an ƙwace musu abin da suka zo nema. Namu da aka tambaye su me ya sa suka bar auna lokaci, yarinyar nan ta buɗe shafin da ta yi lissafin taya ta yi bayani tiryan-tiryan.

Bayan gasar wasu suka koma kan ƙananan jirage marasa matuƙi. Farfela huɗu ce, biyu na juyawa dama, biyu hagu, kuma in aka sa ɗaya a gurbin da ba nata ba, jirgin kifewa zai yi tun bai tashi ba. A nan kam nakan sa baki, saboda batirin jirgin, wanda ake kira LiPo, ba abin wasa ba ne: kowane sashe nasa ba ya wuce bolt 4.2 in ya cika, wanda ya kumbura ba a sake sa shi a caji, kuma ba a barin caji ba mai tsaro. Tabarau na kariya dole ne. Sauran kuwa, yadda za a ratsa zobe da yadda za a sauka a kan alama, na bar musu, kuma sun riga sun buɗe sabon littafi don jirgin.