Ranar da muka fita neman dutsen wata a gonar Kawu

Asabar da dare, Daura.

Ƙafafuna sun yi tsami, leɓena ya tsage, aljihun rigata kuma ya yage saboda nauyin duwatsu. Bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni.

Ƙanena ne ya ja mini wannan wahala. Tun watan Yulin 2025, da labari ya bazu cewa an yi gwanjon wani dutse a Amurka kan sama da dala miliyan 5, yaron nan ya hana ni sakat. Dutsen kilo 24 ne da 'yan kai, a yankin Agadas aka tsince shi a 2023, masana suka ce daga duniyar Mars ya faɗo. Daga baya kuma ya gani a Facebook ana sayar da dutsen wata, wato wanda ya faɗo daga duniyar wata, giram-giram kamar zinariya. "Yaya, kai fa malamin labarin ƙasa ne. Nan da Nijar tafiyar nawa ce? Ga Kongolam nan kusa. Abin da ya faɗa musu ai zai faɗo mana." Yau dai na gaji da naci, na ce ya tayar da babur.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Zango, hazo ya rufe ko'ina. Kayan aikinmu: mayen ƙarfe da muka ciro daga tsohuwar lasifika muka ɗaure a bakin sanda, fasasshen tayil, gilashin ƙara girma na ɗakin kimiyyar makaranta, da buhu.

Mun tarar da Kawu yana tattara karan gero. Da muka gaisa na faɗa masa abin da ya kawo mu, sai ya dube ni sama da ƙasa. "Wato gatarin aradu kuke nema, da iliminku da komai?" Na ce a'a Kawu, wannan daban ne. Na ba shi labarin Zagami, can ta wajen Faskari, inda ranar 3 ga Oktoban 1962 wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa dutse mai kusan kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Daga baya aka gano shi ma daga Mars yake. A ƙasar Katsina fa. Kawu ya ce, "To shi ai ba nema ya fita ba, rabonsa ne ya same shi." Ban samu amsar ba shi ba.

Sa'a biyu muna jan sanda a tsakanin kunyoyi. Mayen ƙarfen bai huta ba, sai dai duk tarkace. Wasu duwatsun na goga su a bayan tayil suka bar jan layi, alamar marmara ce mai tama a jiki. Wasu baƙaƙe ne masu ramuka kamar gidan rina, ƙanena har ya fara murna, na ce masa kashin maƙera ne, ragowar narkar da tama ta mutanen da. Dutsen sama na gama-gari yana da nauyi fiye da girmansa, bayansa da siririn baƙin ɓawo da bai wuce kaurin farce ba, saboda ƙonewar da ya yi yana keta iska. Wani lokaci za ka ga lotsattsun wurare a jikinsa kamar an danna yatsa a ɗanyen yumɓu. Kuma mayen ƙarfe na kama shi.

A nan ne na faɗa wa yaron abin da na ɓoye tun gida, don kada in kashe masa gwiwa. Dutsen wata bai cika jin mayen ƙarfe ba. Ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Wato sandar da muke taƙama da ita, ko ta bi ta kansa wucewa za ta yi. Ya tsaya ya riƙe ƙugu. "To da me ake gane shi?" Da ido, na ce, kuma idon ma ƙarya yake yi.

Abin da ya sa shi ne, fuskar wata ta sha duka shekaru aru-aru. Babu iskar da za ta kare ta, duk abin da ya taho daga sarari kai tsaye yake dira. Duwatsunta sun farfashe, sun sake mannewa, sun sake farfashewa. Shi ya sa mafi yawan wanda ake samu, idan an yanka shi, kamar an zuba gutsattsarin alli a cikin toka aka daskarar: farare-farare masu kusurwa a cikin ruwan toka. Idan dukan ya yi ƙarfi har ɓaraguzai suka tashi da gudun da ya haura kilomita 2.4 a daƙiƙa, sun tsere wa wata ke nan, wasunsu su ƙare a nan duniyarmu. Har yau ba a taɓa ganin faɗowar ko ɗaya ba, duk tsintuwa ce. Na farkon da aka tabbatar a ƙanƙarar Antatika aka ɗauke shi a 1982, aka kuma gane shi ne don akwai abin gwadawa, duwatsu kilo 382 da 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka suka kwaso daga wata tsakanin 1969 da 1972. Cikin duwatsun sama da aka sani, na wata ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma akasari daga Sahara, Oman da Antatika suke, inda dutse zai yi shekaru dubbai a fili ba ruwan da ya taɓa shi. Mu nan damina ta jiƙa, garma ta juya, rairayi ya binne.

Wajen ƙarfe sha ɗaya sai na ji ihu daga gefen gona. "Yaya! Yaya, zo!" Dutse ne kamar dunƙulen hannu, ruwan toka, da farare-farare a jiki. Ya kara masa mayen ƙarfe, ko gezau. Ba zan yi ƙarya ba, gabana ya faɗi. Ni da nake ta wa'azin kada a sa rai, hannuna rawa yake da na karɓa. Na durƙusa na sa gilashi. Babu ɓawon ƙuna ko kaɗan. Ga kuma ƙwayoyin yashi suna ƙyalli, mulmulallu irin waɗanda ruwa ya gurza, abin da ba ya cikin dutsen wata, tunda can ba kogi ba rafi. Ina cikin wannan nazari Kawu ya leƙo ta kafaɗata, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ɗan nan, wannan ai bakin tsohuwar rijiyata ne. Ni na kwaɓa simintin da hannuna."

Ƙanena bai sake magana ba har muka sha furar da Kawu ya sa aka kawo.

A hanyar dawowa na gaya masa ko da dutsen ya ci duk jarrabawata, maganar ba ta ƙare ba. Sai an yanki ɗan kaɗan an kai ɗakin bincike, an auna yawan ƙarfe da manganis da ke ciki da sauran sinadarai, kafin wani mai hankali ya kira shi dutsen wata. Masu tallarsa a waya ba takarda ba komai, ni dai ko kyauta ba na so.

Cikin buhun guda ɗaya na ware. Ɗan ƙarami ne baƙi mai santsi, mayen ƙarfe na ɗan jan sa, bai bar layi a tayil ba. Na wata dai ba shi ba ne. Ranar Litinin zan goge gefensa da zarto in ga ko akwai ɗige-ɗigen ƙarfe masu sheƙi a ciki. Guntun rijiyar Kawu kuwa Inna ta riga ta ɗauke, ta tokare ƙofar madafa da shi.